Hasumiyar Makaron a Ɗakin Inna

Ranar Talata da rana aka fitar da maganin Inna daga firjin ɗakinta don a samu wurin ajiye biskit. Ɗanta ne ya fitar da shi, da hannunsa. Akanta ne a wani kamfanin sufuri, kuma da sunan aikin ake kiransa a gida da waje, har ita Innar da ta haife shi.

Biskit ɗin na liyafar 'yarsa ne, wadda ta kammala karatun shari'a, 'yan gida suka riga suka laƙaba mata Lauya. Sunan biskit ɗin makaron. Ƙanana ne masu launi-launi, faɗin kowanne bai fi murfin kwalba ba, biyu a manne da kirim a tsakani. Ana jera su hawa-hawa a kan faranti, na ƙasa mai faɗi, na sama ƙarami, har su yi tsini, a kira abin hasumiya. Matar Akanta ta ga irinta a liyafar 'yar shugabar ofishinsu, ta dawo ta ce tata 'yar ba za a yi mata abin da ya gaza haka ba.

Akanta bai ƙi ba. Ya dai ce komai sai ya shiga kasafi, domin shi mutum ne da ba ya cin bashi, kuma yana son a san haka. Ya je shagon mai kek da kansa. Da ta faɗi farashi sai ya cire tabarau ya goge.

"Madam, rarraba min shi. Nawa ne biskit, nawa ne sauran?"

Ta rarraba masa. Kuɗin biskit daban, kuɗin ajiya a firjinta zuwa ranar liyafa daban, kuɗin kaiwa zaure da jerawa daban.

"Cire ajiya da kaiwa. Muna da firji, muna da mota, hannunmu kuma ba a karye yake ba."

"To, in haka ne sai ka ɗauka ranar Talata, don daga Laraba tandata ta wasu ce. Amma yallaɓai, abin nan yana shan wari kamar yadda soso ke shan ruwa. Ka ajiye shi kusa da albasa, baƙinka za su ci albasa ruwan hoda. Firji mai tsabta za ka samar masa, wanda ba komai a ciki."

Ko da aka cire waɗannan, kasafin bai daidaita ba. An riga an biya zaure, an biya mai abinci da mai hoto, kuma ba wanda zai rage a cikinsu. Sai Akanta ya juya kan kuɗin gida, inda ba mai ja da shi. Akwai nas da ke zuwa kowace safiya ta gwada sukarin Inna, ta duba ƙafafunta, ta tsaya har ta yi allura. Ya kira ta a waya ya ce ta huta wannan watan. Akwai tsinken gwaji, wanda ake ɗiga jini a kai a saka a na'ura, ya ƙare tun ƙarshen mako. Ya ce sai bayan liyafa. Da haka lissafi ya fita, har ya ware ɗan abu a gefe na ko-ta-kwana. Ya rufe kwamfuta ya yi hamdala.

Firji biyu ne a gidan. Na kicin babba ne, yana warin duk abin da aka dafa a makon. Ɗayan yana ɗakin Inna, a ƙarshen baranda. Ƙanwar Akanta, wadda ke aure a nesa, ita ta saya shi, kuma ba abin da ke ciki sai gorunan ruwa da wata roba mai murfi. A robar akwai kwalaben insulin, allurar da Inna ke yi wa kanta safe da yamma saboda ciwon sukari. Sababbi ne, na wata guda.

Inna tana zaune a bakin gado tana sauraron rediyo ya shigo da kwalaye.

"Akanta, lafiya ka shigo min da kaya kamar wanda aka kora daga haya?"

"Aron firjinki za mu yi, Inna. Zuwa Asabar."

"Ƙanwarka ta saya shi don maganina."

"Maganin ai ba zubarwa za a yi ba. Kicin zai koma. Firji ai firji ne."

Ya durƙusa ya zaro robar, ya jera gorunan ruwan a ƙasa jikin bango, ya shiga cusa kwalaye a hankali kamar ƙwai. Suka cika firjin har bakin ƙofa.

Lauya ta leƙo tana dariya. "Ƙawalli, yau kin zama mai gadin dukiya. Kada dai in ji labarin ɗanɗano, na san halinki."

"Je ki can. Ni da rabona da sukari a shayi tun kina rarrafe. Buɗe min in ga abin dai."

Ta buɗe kwali ɗaya ta nuna mata. Inna ta kawo ido kusa.

"Wannan ɗan mitsitsin ne ya hana gidan nan barci? Ko ɗan yaye ba zai ƙosar ba."

"Tsada ce da shi, ƙawalli. Wayewa kenan."

"Allah ya ba ku lafiyar ci."

Ranar Laraba aka kawo nama da kayan lambu da lemon kwalba na baƙin da za su sauka a gidan. Firjin kicin ya ƙi rufuwa. Matar Akanta ta duba abin da za ta rage, ta ga robar magani a jikin ƙofa, ta ɗauke ta ta tura cikin firiza, tsakanin kaji. Da yamma, lokacin allura, ta ɗauko kwalba ɗaya ta nufi ɗakin Inna tana murza ta a tafin hannu.

Inna ta karɓa, ta juya ta, ruwan ciki bai motsa ba.

"'Yar nan, wannan ya daskare."

"Sanyi ne ya ɗan yi masa yawa, Inna. Kawo in tsoma shi a ruwan ɗumi."

"Nas ta gaya min, in ya daskare an yar da shi kenan. Ko ya narke ba ya aiki."

Matar ta fita ta kira mijinta. Kafin ya zo kwalbar ta narke. Ya ɗaga ta wajen taga ya duba.

"Ga shi nan ruwa, kamar yadda aka sayo shi. Me ya same shi?"

"Ba a gani da ido, in ji ta."

"Inna, su masu aikin asibiti haka suke. So suke a yi ta saye." Ya juya ga matarsa. "Sauran fa?"

"Duk a roba ɗaya suke."

Ya sake duban kwalbar. Ya san kuɗinta, shi ya biya.

"Maganin wata guda ne fa, Inna. In na zubar yau, da me zan sayo wani? Komai na hannuna ya tafi. Ki yi haƙuri zuwa Litinin albashi ya shigo. In sabo kike so a lokacin, sai a saya."

"Ba so nake ba, Akanta. Wannan ne ya lalace."

"Bai lalace ba. Nama ma daskarewa yake ya narke a ci, ba wanda ya mutu."

Inna ta dubi ɗanta, ta dubi matarsa da ke tsaye a bakin ƙofa. Ba ta taɓa jayayya da shi a gaban matarsa ba, kuma ba ta fara a ranar ba. Ta ɗage riga ta yi allurar.

Ranar Alhamis ƙishirwa ta fara. Ta shanye gorunan da ke jikin bango, ruwan ya yi ɗumi, ta sha a haka. Daga gado zuwa banɗaki, daga banɗaki zuwa gado, har ta daina saka takalmi. Na'urar gwaji tana kan tebur, ba tsinke. Baƙi sun fara sauka, kicin cike da mata, duk wadda ta leƙo gaisuwa sai Inna ta miƙa mata gora ta ce a taimaka mata da ruwa. Wasu sun dawo da shi. Wasu an kira su a hanya.

'Yarta ta kira a waya da azahar.

"Inna, muryarki ta shaƙe. Lafiya?"

"Hayaniyar gida ce. Lafiyata ƙalau."

"Nas tana zuwa dai ko?"

Inna ta dubi firjin da ke ta ƙugi a kusurwa. Ta san 'yarta, ta san ɗanta, ta san irin faɗan da za a yi ta waya ana jibi liyafa.

"Komai lafiya. Ki gai da yaran."

Da yamma ta tare Akanta yana wucewa da waya a kunne.

"Jikina ba daɗi. Idona yana hazo."

Ya rufe bakin wayar da hannu. "Gajiya ce, Inna. Mutane sun yi yawa, ba ki samun barcin rana. Kin yi allura?"

"Na yi."

"To, shi ke nan." Ya koma kan mai kujeru, wanda ke neman ƙarin kuɗin mota.

Ranar Juma'a da safe ba ta kai banɗaki ba. Matar Akanta ce ta tarar da ita tsaye tana dafe da bango, zaninta a jiƙe. Ta taimaka mata ta canja, ta goge ƙasa. Da ta fito ta ja mijinta gefe.

"Wannan alamar hawan sukari ce. Ka san me nake zargi? Ta taɓa kayan can."

"Inna?"

"Tsoho ai yaro ne. Kwana take da su a ɗaki, ba mai gani."

Suka koma ɗakin tare. A gaban Inna suka fito da kwalayen ɗaya bayan ɗaya, suka jera a kan tebur, matar tana ƙirgawa, shi yana dubawa da rasit. Inna tana kwance, leɓɓanta sun tsage, tana kallonsu.

"Me kuke nema?"

"Dubawa kawai muke, Inna."

"Ku duba da kyau."

Sun cika, ba ɗaya da ya ɓata. Amma a kwalin ƙasa, wanda sauran suka danne, an samu waɗanda suka fashe. Matar Akanta ta dafe ƙirji. Masu launin zinare ne, na hawan ƙoli, waɗanda hoto zai fi ɗauka. Akanta ya kira mai kek nan take, a tsakiyar ɗakin. Ta ce tandarta a cike take, amma in zai biya kuɗin gaggawa za ta matsa masa wuri. Ya tambayi nawa, ya yi tsaki, ya ce to.

"Ka ga amfanin ko-ta-kwana," in ji matarsa.

"Shi ya sa nake ware shi. Wanda bai iya kasafi ba, yau da ya ji kunya."

Ya tura kuɗin ta waya. Sun ɗara kuɗin sabuwar kwalbar insulin da fakitin tsinken gwaji a haɗe, kuma kantin magani yana bakin titinsu, kusa da mai wankin mota. Suka mayar da kwalayen. Matar ta kawo salatif ta liƙe ƙofar firjin sama da ƙasa, ta ce saboda yaran baƙi.

Lauya ta shigo da la'asar, hannuwanta a buɗe don kada jan farce ya goge. Ta tarar da abincin rana a rufe yadda aka kawo shi.

"Ƙawalli, yajin ci kike don an ƙi ba ki biskit?"

Inna ba ta mayar da wasan ba. Ta ce, "Kira min nas."

Lauya ta je ta gaya wa babanta. Ya ce an sallami nas na wannan watan, in aka kira ta yanzu kuɗin zuwa na musamman za ta caja, kuma abin da za ta faɗa bai wuce a kai Inna asibiti ba. Asibiti kuwa ana gobe liyafa, wa zai zauna da ita? Ya ce ranar Litinin da kansa zai kai ta, a yi mata gwajin komai da komai. Lauya ta ce to, ta wuce wajen tela karɓo riga.

Ranar Asabar Inna ba ta tashi ba. An goge mata sabon kayan da aka ɗinka mata, an rataye a jikin kujera. Matar Akanta ta duba ta ta ce a wannan halin kai ta zaure wahalar da ita ne, ga kiɗa, ga sanyin na'ura, ga hawan bene. Kowa ya yarda tausayi ne a bar ta ta huta. Aka yaye salatif, aka fita da kwalayen ta gefen gadonta, ana ta cewa a hankali, a hankali.

Akanta ne na ƙarshe. Ya sha babbar riga, ya sunkuya kanta.

"Inna, za mu tafi. Ki huta, za a kawo miki hotuna."

Ta buɗe ido. "Ka ci abinci kafin ka tafi makaranta?"

Ya yi dariya. "Barci ne a idonki, Inna."

"Ruwa."

Ya cika jug ya ajiye mata a kan tebur, ya ja ƙofar ɗakin, ya kulle ta gida daga waje.

Hasumiyar ta tsaya. Matar Akanta da ƙawayenta biyu suka jera ta, ruwan hoda a ƙasa, fari a tsakiya, zinare a ƙoli, ta kusa kai kafaɗar mutum daga kan tebur. An hana kowa taɓawa sai da mai hoto ya gama. Shugabar ofis ta zo, ta tsaya a gabanta, ta tambayi wa ya yi, matar Akanta ta ba ta lambar mai kek tana murmushi. Akanta ya yi jawabi. Ya gode wa malaman 'yarsa, ya gode wa matarsa, ya ce mahaifiyarsa ba ta samu zuwa ba saboda jikin tsufa, amma duk abin da ya zama albarkarta ce. Aka tafa. Yawancin baƙi sun gutsuri makaron ɗaya, sun ce ya cika zaƙi, sun bar rabin a faranti.

Takalmi ne ya matse Lauya, ta dawo gida da la'asar sakaliya don ta canja. Ta tarar da kakarta a ƙasa a baranda, tsakanin ɗaki da kicin, jug ɗin ba ruwa a gefenta. Tana numfashi, amma ba ta amsa kira.

Sai ranar Litinin ta farfaɗo a asibiti. Likitan da ke duba ta ya tara su a bakin gadon, Akanta da matarsa da Lauya. Ya ce sukarin ya hau har na'urar farko ta kasa karantawa, jikinta ya bushe, ƙodarta ta taɓu. Za a fara yi mata wankin ƙoda, kuma ba zai yi alkawarin za a daina ba.

"Tana yin allurarta?"

"Safe da yamma, likita," in ji Akanta. "Ba ta taɓa tsallakewa ba."

"To maganin ne bai yi aiki ba. A ina ake ajiye shi?"

"A firji."

"Ya taɓa yin zafi? Ko ya daskare?"

Matar Akanta ta dubi ƙasa. Akanta ya gyara tsayuwa.

"Gaskiya mun taɓa samunsa a firiza. Ka san tsufa, likita. Ita ke kula da kayanta, ba ta son a taɓa mata. Kwanan nan kuma ta fara ɗan ruɗewa. Ranar Asabar ma tambayata take ko na tafi makaranta."

Likita ya juya ga gadon. "Mama, ke kika saka maganin a firiza?"

Inna ta dubi ɗanta. Shi allon da ke saman gadon yake kallo. Muryarta ba ta fita sosai, sai da likita ya sunkuyo.

"Ni ce. Na manta."

Likita ya rubuta. Ya ce daga yau kada a bar ta ta riƙe maganinta, kuma in ta warware a kai ta a duba ƙwaƙwalwarta, don irin wannan mantuwar ba ta tsayawa a nan. Ya yaba musu da suka kawo ta da wuri. Akanta ya ce ai wajibi ne, uwa ce.

Suka raka likita waje. Lauya ta tsaya. Ta ja kujera kusa da gadon, jan farcen liyafa yana nan a hannunta.

"Ƙawalli, me ya sa kika ce ke ce?"

Inna ta juyo ta dube ta.

"In na ce shi ne, likita zai rubuta. Ƙanwarsa za ta ji. Ba za su ƙara shan inuwa ɗaya ba." Ta gyara kwanciya. "In an sallame ni kuma, gidan wa zan koma?"

"Amma yanzu za a ce kin ruɗe. Duk abin da kika faɗa ba mai yarda."

"Da ina da hankalina na ce ya lalace. Wa ya yarda?" Ta rufe ido. "Ke ce lauya. Ga likita can bai yi nisa ba."

Lauya ta fita. Likita yana tsaye a teburin nas-nas, yana sa hannu a takardu. Babanta kuma yana jikin taga, yana waya da ƙanwarsa. Yana yi mata bayani a natse, yadda yake yi a ofis, cewa Inna ta fara ruɗewa, ta lalata maganinta da kanta, kuma tunda abin ya zama na dogon lokaci, adalci shi ne kuɗin asibiti da na wankin ƙoda a raba su biyu.

Lauya ta tsaya kusa da shi har ya gama. Sannan ta karɓi makullin mota ta tafi kawo abinci.